BABI NA HUƊU: TARKEN DA'AWAR AMFANIN MANHAJOJIN BA-NI-IN-BA-KA GA 'YAN KASUWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda yanar gizo ta samo asali daga aikin Tim Berners-Lee a cibiyar bincike ta CERN, tsakanin 1989 da 1991. An kuma bambance shafin da ake karantawa kawai da shafin da ke amsa wa mai amfani da shi nan take, wato wanda mutum zai danna ko ya ja ko ya rubuta wani abu a ciki, shafin ya ba shi amsa ba tare da an sake buɗe shi daga farko ba. Irin wannan na biyu shi ne aka laƙaba wa suna manhajar ba-ni-in-ba-ka a cikin wannan kundi.

A wannan babi kuwa za a ɗora wasu rubuce-rubuce guda uku a kan ma'auni. Na farko shi ne takardar da Jeremy Allaire ya rubuta wa kamfanin Macromedia a watan Maris na 2002. Na biyu maƙalar Jesse James Garrett ce ta ranar 18 ga Fabrairu, 2005, wadda ta raɗa wa wata dabara suna Ajax. Na uku kuwa buɗaɗɗiyar wasiƙar Steve Jobs ce ta ranar 29 ga Afrilu, 2010, a kan Flash. Dalilin zaɓen waɗannan shi ne, kowannensu ya fito ne a daidai lokacin da 'yan kasuwa ke neman wanda zai nuna musu inda za su zuba kuɗinsu, kuma kowannensu an ji maganarsa an yi aiki da ita. Hausawa kan ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To, waɗannan rubuce-rubuce ba su kai arba'in ba, amma sun daɗe sosai har ana iya duba abin da ya sami waɗanda suka bi shawararsu. Tambayar da za a riƙa yi wa kowane marubuci ita ce: filin da ya ce ɗan kasuwa ya gina shagonsa a kai, na wane ne?

4.1 Takardar Allaire da Alƙawarin Flash

Allaire ya fara ne da kokawa a kan halin da yanar gizo take ciki a wancan lokaci, kuma kukan nasa yana bisa gaskiya. An tsara harshen HTML ne domin takardu, ba domin ciniki ba. Idan mutum yana son kama ɗaki a otal, sai ya zaɓi rana ya danna ya jira, shafi ya ɓace wani ya fito, ya zaɓi ɗaki ya sake danna ya sake jira. Idan ya yi kuskure a shafi na huɗu, sau da yawa sai a mayar da shi baya ya tarar duk abin da ya rubuta ya goge. Kowace dannawa sai an aika saƙo zuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, ita kuma ta maido da shafin gaba ɗaya, har da abin da bai canza ba. Ɗan kasuwa yana asarar masu saye a kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai. Maganin da Allaire ya kawo shi ne a mayar da wani ɓangare na aikin cikin kwamfutar mai saye, ta hanyar Flash MX, ta yadda rubutu da hoto da sauti da fom duk za su zauna a allo guda, ana karɓo bayani kaɗan-kaɗan daga uwar garke gwargwadon buƙata.

A ganin mai wannan nazari, Allaire ya gano cutar daidai. Kusan duk abin da ya zayyana ya tabbata daga baya, domin haka manhajojin banki da na sayen tikiti suke aiki yanzu. Inda takardar take da rauni shi ne wajen maganin. Flash manhajar maƙale ce, wato wadda ake liƙa wa burauza domin ta iya abin da ba ta iyawa da kanta, kuma mallakar kamfani ɗaya ce. Hujjar da Macromedia ya riƙa kafawa ita ce, Flash tana cikin fiye da kashi 90 cikin ɗari na kwamfutocin da ke hawa intanet, saboda haka tamkar ƙa'ida ce. A nan ne aka gwama abubuwa biyu da suka sha bamban, wato yaɗuwa da zama ƙa'ida. Ƙa'ida ita ce bayanin da aka rubuta a fili, kowa yana iya ɗauka ya ƙera tasa na'urar da ke bin sa, kuma ba mutum ɗaya da zai wayi gari ya janye shi. Abin da ya yaɗu kawai kuwa yana nan ne muddin mai shi yana so.

Abu na biyu da takardar ta tsallake shi ne nauyi, alhali shekara biyu kacal kafin ta fito an ga abin da nauyi ya yi wa Boo.com. Wannan kamfanin sayar da tufafi ne da wasu 'yan ƙasar Suwidin suka kafa a Landan. An buɗe shafinsa a watan Nuwamba na 1999, cike da Flash da JavaScript, inda mai saye zai iya jujjuya takalmi ya gan shi ta kowace fuska, ga kuma wata 'yar tsana mai motsi da ke yi wa mutane jagora. Amma akasarin masu sayen ta layin tarho suke hawa intanet, sai mutum ya yi ta jira kafin shafin farko ya buɗe. Kamfanin ya kashe kimanin dala miliyan 135 cikin wata goma sha takwas, ya durƙushe a watan Mayu na 2000. Ba za a ce shafin ne kaɗai ya kayar da shi ba, domin akwai almubazzaranci a cikin lamarin, amma shafin yana cikin manyan dalilai. A watan Oktoba na wannan shekara Jakob Nielsen ya yi rubutun da ya yi fice, inda ya ce kashi 99 cikin ɗari na yadda ake amfani da Flash ɓarna ce, saboda tana karya maɓallin komawa baya, tana hana neman kalma a cikin shafi, tana kuma jan masu zane zuwa ga ƙawa maimakon biyan buƙata. Ya kamata a ce wanda ke tallar Flash ga 'yan kasuwa a 2002 ya tsaya sosai a kan wannan darasi.

Ƙarshen labarin sananne ne. Adobe ya sayi Macromedia a 2005. A watan Nuwamba na 2011 ya daina inganta Flash ta wayoyin hannu. A watan Yuli na 2017 ya ba da sanarwar zai yi watsi da ita baki ɗaya a ƙarshen 2020, kuma daga ranar 12 ga Janairu, 2021, manhajar da kanta ta ƙi buɗe duk abin da aka gina da ita. Duk wanda ya gina shagonsa a kanta sai da ya biya kuɗin gini sau biyu. Misali mafi ban tausayi shi ne na hukumar tara haraji ta Afirka ta Kudu, SARS. Ranar da aka rufe Flash ta zo ta tarar wasu fom-fom ɗin hukumar ba a sauya su ba, mutane suka kasa cikewa. Kafin ƙarshen watan sai hukumar ta fito da burauzarta ta kanta mai ɗauke da Flash, wadda a Windows kaɗai take aiki. Ke nan an bai wa masu biyan haraji manhajar da mai ita ya daina toshe wa ɓaraka, aka ce su shigar da bayanan kuɗinsu a ciki. Lallai akwai sakacin hukumar, tun da an ba da wa'adin shekara uku da rabi. Sai dai wannan ya nuna irin wahalar da ke cikin rushe gini bayan an riga an zauna a ciki.

Ba Flash kaɗai ce ta bi wannan hanya ba. Silverlight ta Microsoft ta fito a 2007, Netflix ya dogara da ita wajen nuna finafinai daga 2008, aka daina tallafa mata a watan Oktoba na 2021. 'Yan ƙananan manhajojin Java da kamfanin Sun ya fito da su a 1995, su ma sun mutu bayan da burauzar Chrome ta rufe ƙofar irin waɗannan manhajojin maƙale a 2015.

4.1.1 Abin da ya Faru a Koriya ta Kudu

Wani zai iya cewa misalan da aka kawo na kamfanoni ne ɗaiɗaiku, kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Saboda haka yana da kyau a duba inda ƙasa guda ta faɗa wannan rami. A ƙarshen shekarun 1990 Amurka ba ta yarda a fitar da fasahar ɓoye bayanai mai ƙarfi zuwa ƙasashen waje ba. Koriya ta Kudu tana son jama'arta su yi hulɗar banki ta intanet, sai ta ƙirƙiro tata fasahar mai suna SEED, ta kuma yi dokar sa hannu ta na'ura a 1999, wadda ta kafa tsarin takardar shaida da hukuma ta amince da ita. Tun da burauzoji ba su san SEED ba, sai aka riƙa isar da ita ta ActiveX, wata fasahar maƙale ta Microsoft wadda ba ta aiki sai a Internet Explorer a kan Windows.

Amurka ta sassauta dokarta a 2000, amma Koriya ta riga ta yi nisa. Sama da shekara goma, wanda ke son biyan kuɗi ko sayayya ta intanet a ƙasar sai ya nemi Windows da Internet Explorer, ya kuma yarda a liƙa masa manhajoji iri-iri. Baƙo daga waje kuwa da wuya ya iya sayen komai. Abin ya kai har a watan Maris na 2014 shugabar ƙasa Park Geun-hye ta koka a wani taro cewa mutanen Sin da suka ga wata riga a wani wasan talabijin na Koriya sun kasa sayenta saboda wannan shinge. A shekarar aka fara sassautawa, amma sai a watan Disamba na 2020 aka soke fifikon takardar shaidar a doka. Internet Explorer kanta an yi mata ritaya a watan Yuni na 2022. Darasin da ke nan ya shafi takardar Allaire kai tsaye, ko da yake ba fasaharsa ba ce: asarar da manhajar maƙale ke jawowa ba ta tsaya ga ranar da aka janye ta ba, tana farawa ne tun ranar da mai saye na farko ya juya saboda na'urarsa ba irin wadda ake so ba ce. Irin wannan asara ba ta fitowa a littafin ciniki, domin ba a rubuta sunan wanda bai shigo ba.

4.2 Maƙalar Garrett da Sunan Ajax

Maƙalar Garrett gajeriya ce, kuma ba ta ƙirƙiro komai ba sai suna. Shi da kansa ya bayyana cewa yana neman gajeriyar kalma ce da zai riƙa amfani da ita idan yana magana da abokan cinikin kamfaninsu na Adaptive Path. Abin da ya lura da shi shi ne, Google ya fito da wasu ayyuka irin su Google Suggest da Google Maps, waɗanda ke amsawa nan take ba tare da wata manhajar maƙale ba. A taswirar, mutum zai kama gari da linzami ya ja, sauran sassan su riƙa cikowa da kansu. Garrett ya bayyana cewa an yi wannan ne ta hanyar haɗa abubuwan da ke cikin burauza tun da: HTML da CSS domin tsari da ƙawa, JavaScript domin sarrafawa, sai kuma XMLHttpRequest wanda ke zuwa uwar garke a ɓoye ya karɓo abin da ake buƙata, mai amfani kuma yana ci gaba da aikinsa.

Daga cikin rubuce-rubucen uku, wannan ne lokaci ya fi gaskatawa. Shafin da aka gina ta wannan hanya a 2005, idan an gina shi da kyau, yana iya buɗewa a burauzar yau. Dalili kuwa shi ne tubalan suna da masu tsaro fiye da ɗaya. JavaScript, wanda Brendan Eich ya rubuta a Netscape a 1995, ya zama ƙa'ida a hannun hukumar Ecma tun 1997. CSS ya fito daga W3C a 1996. Idan kamfani ɗaya ya mutu, kamar yadda Netscape ya mutu, ƙa'idar tana nan wasu na bin ta. Amfanin wannan ga ɗan kasuwa a fili yake: gini ɗaya ya isa ga mai Windows da mai Mac da mai waya, ba a cewa mai saye ya je ya ɗauko wani abu kafin a saurare shi, kuma idan magini ya tafi ana samun wani da ya san aikin.

Duk da haka akwai wuraren da maƙalar ta yi wa mai karatu rufa-rufa, ko da ba da gangan ba. Na farko, XMLHttpRequest, wanda shi ne ƙashin bayan dabarar, ba ƙa'ida ba ne a lokacin. Ma'aikatan Microsoft ne suka ƙirƙiro shi domin akwatin wasiƙun Outlook na yanar gizo, ya fito a Internet Explorer 5 a 1999, kuma abin mamaki ta ActiveX ɗin nan ya fito. Sauran burauzoji kwaikwaya suka yi, sai a watan Afrilu na 2006 W3C ta fitar da daftarin farko a kansa. Ashe ke nan abin da ya raba shi da Flash ba asali ba ne, illa dai shi an bar wasu sun kwaikwaya har ya fita daga hannun mai shi. Wannan ya nuna ƙa'ida ba kullum daga teburin kwamiti take saukowa ba, sau da yawa kasuwa ce ke fara yi, kwamiti ya biyo baya da alƙalami. Haka ma harafin ƙarshe na sunan Ajax, wanda ke nufin XML, bai yi ƙarko ba, domin magina sun koma ga JSON wanda ya fi sauƙi.

Na biyu, laifuffukan da Nielsen ya lissafa wa Flash sun biyo Ajax. Tun da adireshin shafi ba ya canzawa, maɓallin komawa baya ya daina aiki yadda aka saba, mai saye kuma ba ya iya aika wa ɗan'uwansa adireshin hajar da ya gani. Makafi masu amfani da manhajar karanta allo ba su san wani yanki na shafi ya canza ba. Ƙa'idar WAI-ARIA da ta magance wannan sai a 2014 ta kammala, shekara tara bayan maƙalar. Batun makafi ba na tausayi kaɗai ba ne, akwai kuɗi a ciki: a 2006 ƙungiyar makafi ta Amurka ta kai kantin Target ƙara saboda shafinsa ba ya karantuwa gare su, aka sasanta a 2008 a kan dala miliyan 6.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci a ganin mai nazari, rubuta Ajax da hannu yana da wuya, saboda haka magina suka koma ga ginshiƙan da manyan kamfanoni ke shiryawa. Google ya fito da AngularJS a 2010, kamfanoni da yawa suka gina a kansa. A 2016 aka fito da sabon Angular wanda aka sake rubutawa daga tushe, bai dace da na da ba, aka kuma daina tallafa wa tsohon a ƙarshen 2021, wato shekara guda bayan Flash. Wanda ya gudu daga Flash a 2012 ya faɗa AngularJS, tsugune ba ta ƙare masa ba, an sayar da kare an sayi biri. Gaskiya ne akwai bambanci, domin tsohon shafin AngularJS bai daina buɗewa rana ɗaya ba kamar na Flash. Amma kuɗin sake gini yana nan. Ba za a ɗora wa Garrett laifin abin da ya faru bayan shekara goma sha ɗaya ba, sai dai a ce masu kafa hujja da maƙalarsa har gobe su ne ya kamata su faɗi wannan.

4.3 Wasiƙar Jobs

Lokacin da Jobs ya rubuta wasiƙarsa, iPhone ta shekara kusan uku ba ta ɗaukar Flash, kuma ana ta sukar Apple a kan haka. Ya kawo dalilai shida. Ya ce Flash mallakar Adobe ce alhali HTML5 da CSS da JavaScript buɗaɗɗu ne, ya ce tana da raunin tsaro kuma ita ce kan gaba wajen sa kwamfutocin Mac tsayawa, tana cin batir, kuma an tsara ta ne domin linzami ba domin taɓa allo da yatsa ba. Yawancin waɗannan gaskiya ne, kuma abin da ya biyo baya ya mara masa baya. HTML5 ta zama cikakkiyar ƙa'ida a W3C a watan Oktoba na 2014, YouTube ya koma kanta a watan Janairu na 2015.

Amma mai tarke ba ya tsayawa ga abin da marubuci ya faɗa, sai ya duba inda ya sa nauyin maganarsa. Jobs da bakinsa ya ce dalili na shida shi ne mafi muhimmanci, kuma wannan dalili bai shafi yanar gizo ba ko kaɗan. Cewa ya yi Apple ba ya son wani kamfani ya shiga tsakaninsa da masu rubuta manhajojin iPhone. A cikin watan da aka rubuta wasiƙar, Apple ya sauya sharuɗɗansa domin hana manhajojin da aka juyo daga Flash shiga kantinsa na App Store, ko da yake ya janye hanin a watan Satumba. Kantin nan, wanda aka buɗe a 2008, Apple yana karɓar kashi 30 cikin ɗari na cinikin manhajoji a cikinsa a lokacin. Wato mutumin da ke wa'azin buɗe ƙofa shi ne mai shagon da ya fi kowane tsananin tsaro. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Har ila yau, tsarin bidiyo na H.264 da ya yaba a madadin Flash yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, ana biyan kuɗin lasisi a kansa.

Hanyar gwada gaskiyar wasiƙar ita ce a duba yadda Apple ya riƙi manhajojin yanar gizo bayan Flash ta kau. Burauzar Chrome ta fara bai wa shafuka wata sabuwar damar aiki ba tare da intanet ba da kuma aika sanarwa zuwa waya a 2015. A iPhone, damar farko sai a 2018 ta iso, ta biyu kuwa sai a watan Maris na 2023. A tsawon wannan lokaci duk burauzar da ke iPhone dole ta yi amfani da injin WebKit na Apple, saboda haka ba wanda zai iya kawo abin da Apple bai kawo ba. A farkon 2024, da dokar Tarayyar Turai ta tilasta buɗe wannan ƙofa, Apple ya ce zai cire damar ajiye manhajar yanar gizo a fuskar waya a ƙasashen Tarayyar, sai da aka yi ca a kansa ya fasa. Ɗan kasuwar da ya karanta wasiƙar 2010 ya ɗauka HTML5 za ta wadatar da shi a iPhone, ya tarar dole ya sake gina wata manhajar ta daban domin kantin Apple, wata kuma domin Android. An rage masa kuɗin Flash, an ƙara masa kuɗin gini biyu.

4.4 Waɗanda ke Riƙe da Ƙa'idojin

Rubuce-rubucen uku sun yi tarayya a wani giɓi guda, wato babu wanda ya tsaya ya tambayi su wane ne ke rubuta ƙa'idojin. HTML5 ba a W3C aka fara ta ba. A 2004 wasu ma'aikatan Apple da Mozilla da Opera suka ga W3C ta karkata ga wata hanya, suka ware suka kafa WHATWG. A watan Mayu na 2019 W3C ta amince cewa WHATWG ce za ta riƙa fitar da ƙa'idar HTML, kuma kwamitin da ke jan ragamarta kamfanoni huɗu ne: Apple da Google da Microsoft da Mozilla. Opera ta bar injinta a 2013, Microsoft ya bar nasa ya fito da Edge a kan Chromium na Google a watan Janairu na 2020. Manyan injuna uku suka rage. Ƙa'idar tana nan a buɗe ga mai son karantawa, amma masu iya aiwatar da ita sun ragu ƙwarai. A 2017 ma, da W3C ta amince da ƙa'idar kulle bidiyo da kamfanonin finafinai ke so, ƙungiyar EFF ta fice daga cikinta don nuna fushi.

Wannan ba ya nufin ƙa'ida da mallaka ɗaya suke. Ɗalibin Hausa ya fi kowa sanin bambancin. Kafin Unicode ta yaɗu, masu buga Hausa da kwamfuta suna amfani ne da wasu nau'o'in haruffa na musamman domin samun ƙ da ɗ da ɓ, kuma da zarar an kai rubutun wata kwamfutar da ba ta da su, sai haruffan su rikiɗe su koma wasu alamomi. Mai wannan nazari ya ci karo da tsofaffin takardu irin waɗannan a lokacin tattara bayanai, sai da ya bi su kalma-kalma yana gyarawa. Yanzu da kowane harafi yake da lambarsa a ƙa'ida, ɗan kasuwa yana iya rubuta sunan hajarsa da Hausa, ta fito daidai a kowace waya.

Akwai kuma batun alƙaluman da ake kafa hujja da su, waɗanda ya kamata a riƙa karɓa da taka-tsantsan. A 2016 Google ya wallafa rahoto cewa kamfanin Konga na Nijeriya ya gina manhajar yanar gizo mara nauyi, wadda buɗewarta ta farko ke cin data ƙasa da ta manhajar waya da kashi 92 cikin ɗari. Ga mai saye da ke lissafin kowane megabait, wannan babban abu ne, kuma shi ne darasin Boo.com aka koya bayan shekara goma sha shida. Sai dai kamfanin ne ya ba da alƙaluman, wanda ya wallafa kuma shi ne mai tallar fasahar, kamar dai yadda Macromedia ya wallafa takardar Allaire. Rahoton ya auna data da aka rage, bai auna abin da riƙon manhajar zai ci a shekaru biyar masu zuwa ba, wanda shi ne lissafin da ya kayar da masu Flash da masu AngularJS.